Maganin Ƙwari Da Mazauna Ruwa: Idan Mai Gadi Ya Mutu, Wa Zai Tsare Gona?

 Yau da wuya a shiga gidan manomi ba a ga famfon feshi a rataye ba. Wake ba ya yin kirki sai da feshi. Tun 2016, da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Nijeriya, sharon kuma ya cinye tumatir a Kano da kewaye, feshi ya ƙaru ƙwarai. Ba mu ce a daina ba, gama magani yana da ranarsa. Abin da muke so mu duba shi ne inda maganin yake tafiya bayan ya bar bakin famfo, da abin da yake yi wa mazauna ruwa, da yadda ɓarnar take komowa gonarmu da tukunyarmu.

Yadda magani yake kai wa ga ruwa

Ba dukan maganin da aka fesa yake zama a kan ganye ba. Wani iska take ɗauka. Wani yana ɗiga ƙasa, ruwan sama ya wanke shi zuwa kwari. A gonar shinkafa kuwa, a cikin ruwan ake fesa shi kai tsaye. Sa'an nan akwai hanyar da ta fi kowace muni, watau wanke famfo a bakin rafi, da zubar da ragowar magani a kududdufi, da jefar da kwalabe a lambu.

Ku tuna ruwanmu ba a nan yake tsayawa ba. Rafukan wannan yanki suna gangarawa zuwa kogin da ake kira Bunga a wajen Gwaram, wanda shi ne kogin Jama'are. Shi kuma yana saduwa da kogin Haɗeja kusa da Gashuwa, su zama kogin Yobe, har zuwa Tafkin Cadi. Abin da aka zuba a nan, masunta da makiyayan da ba mu taɓa gani ba su ma za su sami rabonsu.

Wa ke cin wa a cikin tafki?

Tafki kamar gari yake, kowa da sana'arsa. A ƙasa duka akwai gansakuka da sauran tsire-tsiren ruwa. Su ne abincin waɗansu 'yan mitsi-mitsin halitta da ido ba ya gani sosai, da katantanwa, da talibambam. Waɗannan kuma su ne abincin tsutsar mazari, da ƙwarin ruwa masu farauta, da 'ya'yan kifi. Tarwaɗa da tsage da sauran manyan kifaye suna cin ƙananan. Zalɓe da guza da gaggafa mai kama kifi suna cin manyan. A can sama duka kuwa ga ɗan Adam da tukunyarsa.

Waɗansu daga cikin mazaunan nan ma'aikatanmu ne, ba mu kuwa biyansu ko kwabo. Mazari, tun yana tsutsa a cikin ruwa, yana cin tsutsar sauro, in ya yi fiffike kuma ya kama sauron a sama. Kwaɗi suna kwana suna cin ƙwari a bakin lambu. Gizo-gizo yana tsaron shinkafa. Waɗansu kifaye da ƙwarin ruwa suna cin katantanwa. Balbela da shamuwa suna tsince fara. Su ne masu gadin gona da lafiyar gari.

Don me mai gadi yake riga ɓarawo faɗuwa?

Maganin ƙwari bai san aboki ba, bai san maƙiyi ba. Amma ɓarnarsa ta fi faɗa wa masu farauta, saboda dalili uku.

Na ɗaya, masu ɓarna suna da saurin haihuwa. Ƙwaron darɓa na wake yana haihuwa ba sai da namiji ba, ɗansa kuma cikin mako guda ya isa haihuwa. Sauro, daga ƙwai zuwa mai cizo, kwana goma ko ƙasa da haka ne a lokacin zafi. Amma tsutsar mazari takan yi makonni, wata har watanni, a cikin ruwa kafin ta tashi. Karfasa sai ta yi watanni kafin ta yi ƙwai. Gaggafa kuwa ƙwai biyu ko uku take yi a shekara. Saboda haka in guba ta share kowa, mai ɓarna ne yake fara komowa, ya tarar babu mai hana shi.

Na biyu, yunwa. Ko da maganin bai kashe kifi ko kwaɗo ba, in ya kashe abincinsu, sai su rame, su kāsa haihuwa, ko su bar wurin.

Na uku, akwai magungunan da ba su ruɓewa da wuri, ba su kuma fita daga jiki. A cikin kitse suke maƙalewa. Ƙaramin kifi ya ci ƙwari dubu, gubarsu ta taru a jikinsa. Babban kifi ya ci ƙananan ɗari, ta ƙara taruwa. Wanda ya ci babban kifi, shi ya kwashi kayan kowa.

Abin da ya faru a waɗansu ƙasashe

A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani tafki da ake kira Kiliya. Waɗansu ƙananan ƙudaje sun dami mutanen bakinsa, sai aka zuba maganin DDD, ɗan'uwan DDT, a cikin ruwan a 1949, da 1954, da 1957. Awon kaɗan ne ƙwarai, bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan 50 na ruwa ba, watau kamar cokalin shayi ɗaya a cikin durom 1,250. Amma a 1954 tsuntsayen ruwa masu nutso suna kama kifi suka fara mutuwa. Da aka auna kitsensu, sai aka tarar ƙarfin gubar a jikin waɗansu ya ninka na ruwan har sau 80,000. Irin wannan guba tana kuma sa ɓawon ƙwan tsuntsu ya yi laushi, ya fashe a ƙarƙashin uwa. An ga haka ga gaggafar Amurka kafin a hana fesa DDT a gonakinsu a 1972. An kuma gani ga gaggafa mai kama kifi a Tafkin Kariba na Zimbabuwe, inda aka fesa DDT saboda ƙudan tsando.

Labarin Indunisiya ya fi kusa da mu masu noman shinkafa. Gwamnati ta sauƙaƙa kuɗin magani, manoma suka riƙa feshi a kai a kai, ko akwai ƙwari ko babu. Sai wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan karan shinkafa, wanda dā ba a damu da shi ba, ya zama annoba. Masana suka gane cewa feshin ne ya kashe gizo-gizo da sauran masu cinsa. A 1986 Shugaba Suharto ya hana fesa magunguna 57 a kan shinkafa. Daga 1989 aka fara makarantun manoma a cikin gona, inda manoma suke shiga shinkafa kowane mako, su ƙirga maƙiya, su ƙirga abokai, kafin su yanke shawarar feshi.

Kada kuwa a ce wannan duk laifin tsofaffin magunguna ne. A Tafkin Shinji na Japan, manoman shinkafa na kewaye sun fara aiki da wani sabon irin magani a 1993. Kifin bai yi ta mutuwa yana tasowa kan ruwa ba. Ƙananan halittun da yake ci ne suka ƙare. Wani ɗan kifi da masunta suke kama wajen tan 240 a shekara ya komo tan 22. An buga wannan bincike a 2019. Maganin nan dangi ɗaya ne da Confidor, da kuma ɗaya daga cikin abin da ke cikin Apron Star da muke gauraya iri da shi. Irin wannan magani yana narkewa cikin ruwa da sauƙi, ya bi shi duk inda ya tafi.

Abin da ya faru a ƙasarmu

Mu ma muna da namu labarin. Daga tsakiyar shekarun 1950 har zuwa ƙarshen shekarun 1970, gwamnati ta yi yaƙi da ƙudan tsando mai sa wa shanu sammore. An bi kurmin bakin koguna na Arewa ana fesa DDT da diyaldirin, daga baya har da jirgi mai saukar ungulu. An kori tsando daga ƙasa mai faɗi, makiyaya suka sami wurin kiwo. Amma masana daga ƙasar Holan da suka bi sawun feshin jirgin, suka buga rahotonsu a 1978, sun tarar diyaldirin ya kashe tsuntsaye masu cin ƙwari, endosalfan kuma ya kashe kifi da yawa.

Na biyu shi ne Gammalin 20. An kawo shi domin ƙwarin koko a kudu. Daga baya waɗansu suka mai da shi kayan su, a Nijeriya da Gana. Su zuba a gulbi, kifi ya taso, su kwashe. Mai taru yana kama babba ya bar ƙarami, amma guba ba ta barin kowa, har ƙwai da kwaɗi da kififiya. Kifin da aka kama haka kuwa da gubarsa ake kai shi kasuwa. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta kama kifi da guba. A 2008 hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona 30, a cikinsu har da DDT, da endosalfan, da gubar da ake yin Gammalin da ita. Duk wanda ya kawo muku waɗannan, da kowane suna, haramtaccen kaya ya kawo.

Na uku yana wajen 'yan'uwanmu na fadamar Haɗeja da Nguru. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani kamar dā a wurare da yawa, ciyawar kacala ta cika hanyoyin ruwa. A cikinta tsuntsun jan baki yake kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero da dawa. Akan yi masa feshi da jirgin sama, da maganin da ake kira Queletox. Tun da yake makwancinsa a kan ruwa yake, maganin yana sauka a ruwan. Shaho da shirwa da mujiya kuma suna tsintar tsuntsayen da suka faɗi, su ci, su ma su mutu. To, su ne masu cin ɓeraye. Manomin da ya rabu da jan baki yana iya wayi gari da ɓera a gona. Mutum ma kada ya tsinci tsuntsun da feshi ya kayar ya ci.

Sauro da tsargiya

Maganar ba ta tsaya ga amfanin gona ba, ta shafi lafiyar 'ya'yanmu. Tsargiya, watau fitsarin jini, ba ta yaɗuwa sai ta bi ta jikin katantanwar ruwa. Katantanwa kuwa tana jure maganin ƙwari fiye da masu cinta da masu ƙwace mata abinci. Wani bincike da aka yi a rafukan yammacin Kenya, aka buga a 2020, ya nuna cewa an fi samun katantanwa mai ɗauke da cutar a ruwan da maganin gona ya shiga. Takin zamani da ya gangara ruwa shi ma yana ƙara gansakuka, abincinta ke nan. Ga abinci ya yalwata, ga maƙiyi ya mutu, me zai hana ta yawa? A kududdufin nan kuwa yaranmu suke wanka.

Haka yake ga sauro. Kududdufin da aka kashe masa mazari da 'yan kifi, sauro ne zai fara komowa cikinsa. Akwai kuma wata hasara. Karate da 'yan'uwansa da muke fesa wa wake dangi ɗaya ne da maganin da ake sa wa gidan sauro. Tsutsar sauron da ta tashi a ruwan da ke da ɗan wannan magani, mai rauni ta mutu, mai ƙarfi ta rayu ta haihu. Sannu a hankali sai a sami sauron da maganin gidan sauro ba ya kashe shi. Masana sun ga haka a wuraren noman auduga da shinkafa na Afirka ta Yamma.

Alamun da za ku lura da su

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku bincika:

Kifi yana tasowa yana haki, ko yana juyawa kamar mai maye, kwana ɗaya ko biyu bayan feshi ko bayan ruwan sama.

Kukan kwaɗi ya ragu a fadamar da dā ba a iya barci saboda su.

Ba a ganin mazari a kan ruwa, ba a ganin saƙar gizo-gizo a shinkafa da sassafe.

Ƙwarin da aka fesa wa magani sun komo bayan mako biyu, sun fi na dā yawa.

Wannan ta ƙarshe ita ce take ruɗin mutane. Sai a ce maganin jabu ne, a ƙara awo, ko a gauraya iri biyu. Jabu kam akwai shi a kasuwa. Amma sau da yawa maganin ya yi aiki ne har ya wuce gona da iri, ya kashe masu gadi.

Abin da kowane manomi zai yi

1. Ka duba kafin ka fesa. Ka shiga gona da safe, ka ɗaga ganye a wurare dabam dabam. In ɓarnar kaɗan ce, ga kuma gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro suna aiki, ka dakata. Shinkafa ƙarama tana iya mai da ganyen da tsutsa ta ci, saboda haka feshin makonnin farko yawanci hasarar kuɗi ne.

2. Ka bi awon da aka rubuta a jikin kwalba. In ba ka iya karatu ba, ka kai wa wanda ya iya. Kada ka sayi maganin da aka ɗura a kwalbar da ba ta da takarda ko lambar NAFDAC.

3. Ka lura da zanen jikin kwalba. Jan layi, ko rawaya, ko shuɗi, ko kore a gindin takarda yana nuna haɗarin maganin ga mutum ne, ba ga kifi ba. In ka ga hoton kifi, gargaɗi ne cewa maganin yana kashe mazauna ruwa. Dangin Karate suna da tsananin guba ga kifi, ko da kaɗan ne.

4. Kada ka yi feshi in hadari ya haɗu, ko ana iska. Ruwan sama zai kai kuɗinka rafi.

5. Ka bar ciyawa tsakanin gonarka da bakin ruwa, taki goma ko fiye, kada ka nome ta, kada ka fesa mata komai. Tana tare ƙasa da magani, ita ce kuma mafakar kwaɗi da gizo-gizo.

6. In ka fesa wa shinkafa, ka toshe bakin fangali na 'yan kwanaki. Kada ka saki ruwan nan da nan zuwa rafi ko gonar maƙwabci.

7. Ka ɗebi ruwa da bokiti, ka haɗa magani nesa da rafi da rijiya. Kwalbar da ta ƙare, ka ɗauraye ta sau uku, ka juye ruwan a famfo, ka fesa a gona. Sa'an nan ka huda ta domin kada wani ya zuba mai ko ruwan sha.

8. Ka gwada 'ya'yan darbejiya. A daka, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma. Ba su da saurin kisa kamar na kanti, amma sun fi sauƙi ga abokan gona. Su ma kada a zuba su a ruwan kifi.

Abin da ƙungiya za ta yi

Rafi ba na mutum ɗaya ba ne. In tara sun kiyaye, na goma ya wanke famfonsa a mashaya, an ɓata wa kowa. Saboda haka wannan aikin ƙungiya ne.

Ku sayi magani tare daga dillali mai rajista, ku rubuta sunan kowane magani da ranar feshi a littafin ƙungiya. Ku zaɓi samari biyu ko uku a koya musu feshi sosai, a saya musu safar hannu da takalmi da abin rufe hanci. Ku keɓe wuri ɗaya nesa da ruwa domin wanke famfo da tara kwalabe. Ku gayyaci malamin gona na JARDA ya zaga gonaki tare da ku, ya nuna muku abokai da maƙiya. Ku zauna da mai unguwa da Sarkin Ruwa, da masunta, da Fulani makiyaya, da maƙwabtanmu duka, ku yi magana ɗaya a kan zuba guba a gulbi, gama ruwa ɗaya muke sha. In kuwa kun ga kifi ya mutu da yawa, kada a ci, kada a sayar, kada a ba kaji ko karnuka. A binne shi nesa da ruwa, a hana dabbobi sha, a sanar da hukuma.

Akwai abin ƙarfafa zuciya. Bayan an hana DDT a Amurka, gaggafarsu da ta kusa ƙarewa ta komo, har a 2007 aka cire ta daga jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Ruwa yana warkewa in an bar shi ya huta. Kwaɗi da mazari ma sun fi gaggafa saurin komowa.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

Waɗanne kifaye da tsuntsaye ne dattawa suka sani a ruwanmu, waɗanda yanzu ba a ganinsu?

Sau nawa muka fesa wa wake bara, sau nawa kuma shekara biyar da suka wuce? Nawa muka kashe, buhu nawa muka samu?

A ina kowannenmu yake wanke famfonsa, ina kuma kwalaben bara suke?

Ku tattauna waɗannan, magatakarda ya rubuta abin da kuka shirya, ku aiko mana domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru. Allah ya ba mu damuna mai albarka.